Direbobinmu da Bahar Maliya: Abin da Suka Gani Tsakanin Sawakin da Jidda

 

 Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya watsa mu, wasu Gadarif, wasu Kasala, wasu Bur Sudan, wasu ma ƙetare. Da Allah Ya sa muka fara dawowa Sahafa, muka share masallaci muka tayar da salla, sai muka duba sahun gaba muka ga giɓi. Da yawa daga cikin dattawan da suka saba zama ta hannun dama bayan La'asar, ana zuba musu jabana suna hirar hanya, sun riga mu gidan gaskiya. Yawancinsu tsofaffin direbobin lori ne. Mun daɗe muna jin labaransu muna dariya, ba wanda ya taɓa ɗaukar alƙalami. Shi ya sa a wannan fitowa muka zauna da waɗanda suka rage, muka haɗa abin da suka faɗa mana da abin da ke rubuce a tarihi, domin ɗalibanmu su san ruwan da iyayensu suka ƙetare. Dattawan sun roƙi kada mu ambaci sunayensu, mun kuwa amsa.

Yadda muka zo bakin wannan ruwa

Kowa a cikinmu ya san cewa hajji ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Hanyar tsohuwa ce, amma ta cika da mutane bayan yaƙin Burmi na watan Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yo gabas, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Da aka buɗe madatsar Sinnar da gonakin Jazira a 1925, sai mai niyyar hajji ya sami inda zai tsinci auduga ya tara guzuri. Wani shekara biyu, wani goma, wani har ya haifi jikoki bai ga teku ba. A nan Hartum da yawa suka sauka a Ishash Fallata, maƙwabciyarmu, kafin a kwashe mutanenta zuwa Ingaz.

Mota ta shigo hanyar daga baya. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmud Ɗantata, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da manyan motoci. Ana tashi daga Kano a bi Maiduguri, a shiga Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, a wuce Abeshe da Adare, a shigo Jinena, Fashir, Nuhud, har Ubayyid inda dogo ya tsaya. Daga nan jirgin ƙasa ya kai mutum bakin teku. Direbobin farko da muka sani a unguwar nan 'ya'yan wannan hanya ne. Sun fara da yaran mota, masu sa waigi da tono yashi a ƙarƙashin taya, suka zama direbobi, suka auri 'yan nan, suka zauna.

Bayansu sai zamanin Safinja, wato Bedford ɗin nan da makanikan Sudan suka sake wa ƙira har ta zama tasu. Wajen 1980 aka gama kwaltar da ta tashi daga Hartum ta bi Madani, Gadarif, Kasala, Haya da Sinkat, ta gangara Agaba zuwa Sawakin da Bur Sudan, tafiyar kusan kilomita 1,200. Wanda ya taɓa gangara Agaba da lodi, birki na wari, yaron mota na gudu a gefe da dutse a hannu, yana ganin ya gama ganin tashin hankali. Haka su ma suka zata.

Ruwan da ba ya kama da Nilu

Wani daga cikin dattawan ya ce mana shi kafin ya ga Bahar Maliya yana ganin ya san ruwa, tunda ya sha shigar da mota pantun a Nilu kafin a yi gadoji. Pantun kuwa kana ganin wancan gaɓa tun kafin ka tashi, kafin shayinka ya huce an kai. Ranar da ya fara shiga bakhira, tsakar dare ya fito ya duba gabas ya duba yamma, babu fitila babu ƙasa, sai baƙin ruwa. Ya ce a nan ya gane cewa shekara ashirin yana riƙe da sitiyari, yau sitiyarin yana hannun wani, shi kaya ne kamar sauran kaya.

Tsakanin Sawakin da Jidda kimanin kilomita 300 ne, jirgin fasinja yakan yi shi a dare ɗaya idan ruwa ya kwanta. Amma a tsakiyar nan ne wuri mafi zurfi a duk Bahar Maliya, wajen mita 3,000. Babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinta, rana kuma tana shanye ta, shi ya sa gishirinta ya fi na yawancin tekuna. Gaɓoɓinta biyu cike suke da sha'ab, wato duwatsun murjani da ke kwance dab da fuskar ruwa, kaifinsu kamar wuƙa. Da rana matuƙi yana gane su da canjin launin ruwa. Da dare, ko idan ƙura ta rufe, sai taswira da fitilu irin na Sanganib. Ƙuncin mashigar Sawakin da waɗannan duwatsu ne suka sa Turawa suka bar ta, suka fara gina Bur Sudan a 1905, suka buɗe ta a 1909. Sawakin ta koma kango, sai alhazai da karantina, har 1991 da aka buɗe tashar Usman Digna, jiragen Jidda suka koma can.

Iska kuwa iri-iri ce. Mafi yawan shekara ta arewa ce ke busawa, tana gangarowa da tsawon tekun, don haka jirgin da ke ratsawa daga yamma zuwa gabas igiyar ruwa tana bugunsa ta haƙarƙari, yana ta juyi dama da hagu. Da sanyi kuma iskar kudu, wadda mutanen teku ke kira azyab, takan hauro ta yi karo da ta arewa a daidai gaɓarmu. Shi ya sa ruwan saman Bur Sudan da Sawakin yake sauka da sanyi, lokacin da mu a Hartum muke lulluɓe da bargo babu ko gajimare. Da zafi sai ƙurar Tokar ta fito ta tsagin duwatsu ta rufe teku. Kowace irinta, in ji direbobin, sun kwana a ƙarƙashinta.

Waɗanda suka riga mu jin wannan tsoro

Ya ku ɗalibai, kada ku ɗauka wannan ruwa baƙo ne a tarihin Musulunci. Shi ne ruwan hijirar farko. A watan Rajab na shekara ta biyar da aiko Annabi (SAW), sahabbai suka shiga jirgi daga Shu'aiba zuwa Habasha, cikinsu har da Sayyidina Usman da matarsa Nana Ruƙayya. Shi Sayyidina Usman ɗin ne daga baya, a shekara ta 26 bayan hijira, ya mayar da tashar Makka daga Shu'aiba zuwa Jidda. Abu Musa Al-Ash'ari da mutanensa sun tashi daga Yaman suna nufin Annabi (SAW), jirgi ya jefa su ƙasar Najjashi, suka zauna tare da Ja'afar har suka iso Madina lokacin Khaibar. Su ne mutanen jirgin da aka yi wa bushara da hijira biyu.

A shekara ta 579, daidai da 1183, Ibn Jubair mutumin Andalus ya ƙetare daga Aizab, wata tsohuwar tasha da ke arewa da Bur Sudan ta yau. Ya ba da labarin jirgin da ake kira jalba, wanda babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, ɗinke katakansa ake yi da igiyar ɓawon kwakwa a shafe da mai. Ya yi kuka da masu jiragen, yadda suke cusa alhazai kamar kaji a akurki don su fanshe kuɗin jirginsu a tafiya ɗaya. Sun fara hango duwatsun Hijaz ke nan sai hadari ya taso, iska ta mayar da su baya, suka fake a wani tsibiri. Tafiyar ta ci musu kwana takwas. Wajen 1330 kuma Ibn Battuta ya zo shiga jirgi a Jidda. Wani sharifi ya gayyace shi jalbarsa, da ya leƙa ya ga raƙuma a ciki sai ya ƙi, don bai taɓa shiga teku ba. Ya shiga wata, iska ta karkatar da su daga hanyar Yaman ta watso su gaɓarmu, daga can suka iso Sawakin. Shehu Abul Hasan Shazili, mai Hizbul Bahri da wasu dattawanmu ke karantawa kafin su hau ruwa, a hamadar Aizab ya rasu a 656 yana kan hanyar hajji.

Da muka karanta wa dattawan labarin Ibn Jubair, ɗaya ya yi dariya har da tari, ya ce: “Malam, ashe masu jirgi ba su canja hali ba tun shekara ɗari takwas.”

Mota a cikin cikin jirgi

Direbobin farko sun ƙetare ne a matsayin alhazai, bayan sun kai wasu bakin dogo shekara da shekaru. Na baya su ne suka shiga da motocinsu. Jirgin yana buɗe baki ta baya ko ta gaba, a sauke wata ƙatuwar ƙofa ta zama gada, mota ta hau da ƙafarta. Ciki wani dogon fili ne kamar zaure, babu bango a tsakani, motoci a jere ƙugu da ƙugu har ba ka iya buɗe ƙofa sosai. Wasu sun kai kayan gona da nama a motocin barrad masu sanyi, wasu sun dawo da kayan mugtaribin, firij da katifa da injin wanki. Ma'aikatan jirgi ne ke nuna wa kowa inda zai tsaya, gwargwadon nauyin da aka rubuta a takardarsa, don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya. Sai a sa giya, a ja birkin hannu, a sa waigi, a ɗaure shasi da sarƙoƙi a ƙugiyoyin da ke ƙasa. Daga nan doka ta ce kowa ya hau sama.

Direba kuwa ba ya son rabuwa da motarsa. Tabarmarsa na ciki, butarsa na ciki, kayan mutane na ciki. Da yawa sun gaya mana sukan laɓe a gaban mota su kwana, wasu har da hura ɗan risho su dafa shayi tsakanin tankunan jaz. Yau suna faɗa suna girgiza kai.

Abin da suka fi tunawa a daren iska shi ne ƙara. Sarƙoƙi suna miƙewa suna saki, ƙarfe yana kuka, bodin motoci yana gogar juna. A sama mutane sun kwanta a ƙasa jiri ya kama su, ƙato ya kasa ɗaga kai, lemon tsami da citta da busasshiyar gurasa duk an gwada. Wani ya ce ya ga tukunyar ful ta taso daga wannan bango ta tafi wancan ta dawo, babu mai ƙarfin tare ta. Wani ya ce sun iso bakin Sawakin cikin ƙura, kyaftin ya ƙi shiga mashigar, suka yi ta shawagi a waje har gari ya waye, fasinjoji suna zaginsa. Ya ce shi ma ya zage shi a ransa, sai da safe ya ga duwatsun da suka kwana kusa da su ya nemi gafarar Allah.

Labarin da ya sa muka yi shiru na wani dattijo ne da ya nemi a rubuta shi yadda ya faɗa. Da sanyi ne, sun taso daga Jidda bayan Isha'i. Motarsa ta fi abin da aka rubuta nauyi da yawa, ya kuma san da haka, don shi da mai kayan suka shirya a rage lambar saboda kuɗin jirgi. Da aka zo ɗauri, ma'aikacin ya duba takarda ya ga mota mai sauƙi, ya sa mata sarƙa daidai abin da ya gani, ya wuce. Dattijon yana tsaye, bai ce komai ba. Can tsakar dare ruwa ya tashi. Yana kwance a gaban motar sai ya ji wani abu ya fashe kamar bindiga, sarƙa ɗaya ta tsinke. Jirgi ya karkata hagu, motar ta ja jiki ta bugi ta kusa da ita. Ya dawo dama, ta sake ja. Duk bugu ɗaya sarƙoƙin maƙwabciyarta suna ƙara miƙewa, bayan ita kuma akwai wata, bayan wata akwai wata. A cikin waccan motar akwai yaron mota, ɗan shekara goma sha, wanda maigidansa ya bari gadin kaya. Yaron ya leƙo ta taga yana kuka yana cewa: “Baba, fitar da ni.” Ƙofarsa ta matse.

Ya ce ya fita da rarrafe ya hau bene yana ihu har ma'aikata suka sauko. Kyaftin ya juya hancin jirgi ya fuskanci igiyar ruwa don juyin ya ragu, su kuma suka yi ta fama da sababbin sarƙoƙi da katakai har aka kama motar. An zaro yaron ta gilashin gaba, hannunsa a karye. Ba wanda ya mutu. Ba wanda kuma ya tambaye shi nauyin motarsa, aka ce iska ce. Ya ce mana: “'Ya'yana, shekara talatin kowa na cewa iska ce. Ni na san ba iska kaɗai ba ce. Mutum ɗaruruwa ne a saman nan, mata da jarirai, na sayar da su a kan kuɗin da bai kai na taya ɗaya ba.” Tun daga ranar bai sake rage lamba ba, ya kuma rasa masu kaya da dama saboda haka.

Abin da ya sa irin wannan jirgi ke kifewa

Tsoron dattijon yana da tushe. Ku ɗauki faranti mai faɗi ku zuba ruwa kaɗan, ku yi tafiya da shi. Da ya ɗan karkata, duk ruwan ya ruga gefe ɗaya ya ƙara karkatar da shi. Haka zauren motoci yake. Tunda babu bangon da zai tare, ruwa ko lodin da ya kwance duk gefe ɗaya yake taruwa, jirgin ya kasa miƙewa.

A daren 14 ga Disamba 1991 jirgin Salem Express ya taso daga Jidda zuwa Safaja ta Masar, cike da masu dawowa daga Umra da ma'aikata. Ana iska, aka bi gajeriyar hanya ta kusa da gaɓa, ya hau sha'ab, ƙofar gaba ta buɗe, ruwa ya shiga zauren motoci. Cikin kamar minti ashirin ya nutse. Lissafin hukuma ya ce wajen mutum 470 suka rasu. A daren 2 zuwa 3 ga Fabrairu 2006 kuma Al-Salam Boccaccio 98 yana kan hanyarsa daga Duba zuwa Safaja, wuta ta tashi a wajen motoci, ruwan da aka yi ta zubawa don kashe ta ya taru bai fita ba, jirgin ya karkata ya kife. Fiye da mutum 1,000 suka tafi. A gaɓarmu ma, arewa da Bur Sudan, akwai jirgin Blue Belt da ya hau Sha'ab Su'adi a 1977 ɗauke da motocin Toyota, har yau suna kwance a ƙasan ruwa da tayoyinsu. Na kusa shi ne Badr 1, a watan Yuni 2022, wanda ya nutse a cikin tashar Sawakin kanta. An loda masa tumaki wajen 15,800 alhali ƙarfinsa 9,000 ne. Mutanen ciki sun tsira, dabbobin kaɗan ne suka fita. Waɗannan tumaki a bayan lori suka zo, wasu a motocin mutanenmu.

Idan kun lura, a duk waɗannan akwai hannun mutum tare da ƙaddara. Wani ya yanke hanya, wani ya ƙara lodi, wani ya ga magudanar ruwa ta toshe bai gyara ba. Mun yi imani babu abin da ke faruwa sai da izinin Allah, kuma wannan imani bai ɗauke wa kowa hisabin abin da hannunsa ya aikata ba. A cikin Sahihul Bukhari, Nu'umanu ɗan Bashir ya ruwaito misalin mutanen da suka yi ƙuri'a a jirgi, wasu suka sami sama wasu ƙasa, na ƙasa suka so huda rabonsu don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. In an bar su kowa ya halaka, in an riƙe hannunsu kowa ya tsira. Mun sha karantar da wannan hadisi a babin umarni da kyakkyawa. Ranar da dattijon nan ya gama labarinsa muka ga direba ma yana cikinsa, shi da yake ƙasa da takardar ƙarya a aljihu.

Salla a kan ruwa

Mun tambaye su yadda suke salla. Nan ma akwai karatu. Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi ba. A Mukhtasar na Shehu Khalil, wajen bayanin ikon zuwa hajji, an nuna cewa hanyar teku kamar ta tudu take, sai idan halaka ta fi rinjaye a cikinta, ko mutum ya san jiri zai sa ya tozarta rukunin salla. Wanda ke cikin jirgi yana fuskantar alƙibla, in jirgin ya juya ya juya tare da alƙiblar matuƙar zai iya. Yana tsayuwa in ya sami iko, in ya kasa ya jingina, in ya kasa ya zauna. Ruwan teku kuwa mai tsarki ne, ana alwala da shi, mushensa ma halal ne, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa a amsar da aka ba mutumin da ya ce suna hawa teku da ruwan sha kaɗan.

Direbobin suna da tasu dabara. Mai tafiya daga Sawakin zuwa Jidda, alƙibla tana kusa da inda hancin jirgin ya dosa, mai dawowa kuma tana bayansa. Amma a daren iska kyaftin yakan sauya hanya, sai a nemi ma'aikaci a tambaya. Wani ya ce ya taɓa yin Asuba a zaune, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, bai taɓa jin Fatiha a bakinsa kamar ta wannan rana ba. Duk jirgin, in ji shi, har wanda jiya yake caca a kan bene, kowa Allah yake kira. Sai ya ƙara da cewa abin kunyar shi ne kafin a gama sallamar jamarik da hantsi, an koma rantsuwar ƙarya a kan kaya. Wannan hali Alƙur'ani ya riga ya siffanta shi. Ɗalibai su duba Suratu Yunus aya ta 22 da 23, da Ankabut aya ta 65, da Luƙman aya ta 32, su kawo wa malamansu tafsirin a darasi mai zuwa. Addu'ar hawa jirgi kuma tana Suratu Hud aya ta 41, kowa ya haddace ta.

Zuwa ga samarinmu

Akwai dalili na biyu da ya sa muka yi wannan rubutu. Tun zamanin Turawa akwai masu ƙetarar da mutane a ɓoye da sambuk, ƙaramin jirgin katako, daga wasu lunguna na gaɓar teku, don kauce wa fasfo da karantina. Kakanninmu da dama sun bi ta nan. Wasu sun isa, wasu an sauke su a wani tsibiri ko wata gaɓa aka ce musu ga Hijaz nan, wasu ba a sake jin labarinsu ba. Wannan sana'a ba ta mutu ba, kuma yanzu da aiki ya yi wuya, gidaje suka rushe, mun san ana yi wa samarinmu raɗa a Suk Markazi da Mina Barri. Mun san halin da ake ciki, ba ma raina talaucin kowa. Amma ku je ku zauna da dattawan nan tun suna raye. Mutanen da suka ƙetare a jirgin ƙarfe mai hawa biyar, da injin da na'urar kira, su ne ke cewa sun ga mutuwa da idonsu. To ina ga katako mai injin ɗaya, cike da mutum, da dare, ba fitila don kada a gan shi, a tsakanin sha'ab? Wanda ya mutu a nutse muna yi masa fatan shahada kamar yadda hadisi ya zo. Wannan fata ba izini ba ne ga mai jefa kansa, balle ga wanda ya karɓi kuɗi ya loda.

Ga direbobinmu na yau kuma, masu bin Atbara da Haya zuwa mina, dattawan sun ba mu saƙo mu isar. Ku rubuta nauyin gaskiya. Ku tsaya a kan ɗaurin motarku har ku gamsu, in sarƙa ta yi kaɗan ku faɗa. Kada ku kwana a zauren motoci, kada ku bar yaro a ciki, kada ku kunna wuta. Da kun hau sama ku nemi inda rigunan ceto suke tun ruwa yana kwance. In an ce jirgi ba zai tashi ba saboda iska, ku yi haƙuri ko kwana nawa ne, mai kaya ya yi fushinsa.

Muna kuma roƙon duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida da suka ƙetare wannan ruwa, a jirgi ko a sambuk, ya zauna da su ya rubuta, ko ya ɗauka a waya, ya kawo wa kwamitin makaranta bayan sallar Juma'a. Labarin matan da suka ƙetare da goyo ba mu taɓa shi ba tukuna, shi muke so mu kawo a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan hanya, na tudu da na ruwa, waɗanda aka yi wa sutura da waɗanda teku ta zama kabarinsu. Allah Ya gafarta wa dattijon da ya tona asirin kansa don mu amfana, Ya ba sauran lafiya. Allah Ya kiyaye matafiyanmu, Ya dawo wa ƙasar nan da zaman lafiya.